Kwamfutar dillalin albasa da ta ƙi tashi bayan Sallah

Ranar Talata 10 ga Yuni 2025, da aka koma aiki bayan hutun Babbar Sallah, akawun wani dillalin albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya buɗe ofis ya danna maɓallin kwamfuta. Fanka ta juya kamar sakan biyu ta tsaya. Ta sake juyawa da kanta, ta sake tsayawa. Monita ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Haka ta dinga yi har ya gaji ya zare waya daga bango. Ni ba ta iso hannuna ba sai washegari Laraba da hantsi, bayan mutum biyu sun riga sun yanke mata hukunci. Na farko, wanda ya buɗe ta a ofis, ya ce madabod, babban allon da sauran sassan kwamfuta ke dasuwa a kai, ya ƙone, a sayi wata. Na biyu ta waya kawai aka yi masa bayani, ya ce a kai masa ya yi mata fomat, wato ya goge komai ya girka sabuwar Windows.

Shagona yana Agege. Gyaran kwamfuta da firinta nake yi, sana'ar da na koya a Computer Village da ke Ikeja. Na zaɓi in rubuta wannan aikin ne domin ciwo uku na tarar a akwati ɗaya, kowanne ya ɓuya a bayan ɗan uwansa, kuma saura ƙiris ni ma in sa hannu a kan hukuncin mutumin farko.

Alhaji da kansa ya kawo ta, shi da akawun, an lulluɓe ta da buhu saboda yayyafi. Dattijo ne mutumin Kebbi, ya fi shekara talatin a Ikko. Duk wanda ya san Mile 12 ya san irin aikinsa: mota ta taso daga Aliero ko Sakkwato da albasa ta sauka a hannunsa, ya raba wa masu sari, yawancinsu matan Yarbawa masu kaiwa kasuwannin cikin gari, wasu su biya nan take wasu su ɗauka bashi, sannan ya tattara kuɗi ya cire la'adarsa ya tura wa masu kaya a Arewa. Buhu nawa ya sauka, wa ya ɗauka, wa ya biya rabi, wa ake bi tun azumi, duk suna cikin 'yan fayilolin Excel. Akwai babban littafi mai baƙin bango a ofis, amma akawun ya amsa da bakinsa cewa rabon da ya sa masa biro an fi shekara biyu.

"Injiniya," in ji Alhaji, "ni ƙarfen nan bai dame ni ba. In ka ce ya mutu, a jefar. Amanar mutane ce a ciki, kuma jibi Juma'a mota za ta sauka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to mu fara da amanar, ƙarfe ya biyo baya."

Kwamfutar haɗi ce, irin wadda ake harhaɗawa a Ikeja daga kayan tokumbo, wato na-hannu da ake shigowa da su daga waje. Furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, Intel Core i5 zubi na uku, waɗanda suka fito a 2012, madabod mai ramin ram biyu (ram shi ne ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita), kowane rami da DDR3 mai gig 4, faifan ajiya mai juyawa na gig 500, sai Windows 10. Tsohuwa ce, amma ga aikin Excel da firinta ta isa har da saura. Ina cire murfin gefe warin albasa ya daki hancina.

Faifai tukuna

Tun kafin in jona wuta na zare faifan ajiya. Wannan doka ce a shagona. Kwamfutar da ke kamawa tana saki duk bayan sakan biyu, a kowane zagaye faifai yakan fara juyawa a katse shi, kuma faifai mai juyawa ba ya son haka ko kaɗan, domin allurar da ke karatu shawagi take yi a kan faranti mai gudu, tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Akawun ya ce jiya ya bar ta tana wannan kama-saki kusan minti ashirin, yana jiran ko za ta shiryu.

Na dasa faifan a mazaunin USB mai wutarsa daban, saboda babban faifai na inci 3.5 yana buƙatar bolt 12, wanda USB kaɗai ba ya bayarwa. Na kara kunne. Ya juya sumul, babu ƙas-ƙas ɗin nan mai tsinka zuciyar mai gyara. Mun kuma ci sa'a ba a kulle shi da BitLocker, makullin faifai na Windows, ba, da sai an nemo mabuɗi mai lamba 48 wanda na tabbata babu wanda ya ajiye. Cikin minti biyar fayilolin sun hau filash. Lissafin shekara shida gaba ɗaya bai kai nauyin bidiyon biki guda da ake turawa a WhatsApp ba. Na buɗe na watan Mayu, akawun ya karanto sunaye uku da abin da ake bin kowanne, Alhaji ya ce alhamdu lillahi, sannan ya zauna a benci, karon farko tun shigowarsa.

Kowane faifai yana ajiye rahoton lafiyarsa, wanda ake kira SMART. Na karanta shi da manhajar CrystalDiskInfo, ta nuna rawaya, alamar gargaɗi. Faifan ya yi aiki sama da awa 31,000, wato fiye da shekara uku da rabi ba dare ba rana, tabbas wasu daga ciki a hannun masu shi na farko kafin ya zo Legas. Layin C5, mai ƙirga gurabun da suka ƙi karantuwa, yana nuna 8. Bai mutu ba, amma ba abin da za a ci gaba da ɗora wa amana ba ne. Sai dai ba shi ya hana kwamfutar tashi ba. Kwamfuta ko babu faifai sam a cikinta tana kunnuwa ta nuna rubutu a monita.

Ana kwafe sauran kaya ina titsiye akawun da tambaya. Agogon kwamfutar, in ji shi, ya yi wata biyu yana ja baya, kullum sai ya gyara da hannu. UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ya daɗe yana kuka, ana ɗauke wuta shi ma yake mutuwa, don haka suka cire shi suka jona kai tsaye a bango. Wuta kuwa a yini sai a sauya tsakanin layi da janareta sau uku sau huɗu, kuma kowane sauyi kwamfutar a tsaye take mutuwa. Tun da damina ta kankama, da safe sai ya danna sau biyu sau uku kafin ta kama, amma in ta kama ta ɗumama shi ke nan har yamma. Sun kulle ofis ranar Alhamis jajibirin Sallah, ta kwana biyar a rufe. Mai gyaran farko ya cire ƙaramin batirin madabod ya mayar, ya cire ram ya mayar, bai ga canji ba.

Na rubuta duka a takarda. Amsar tana cikin jawabin nan, na ji ta da kunnena, amma sai da na ɓata awa uku kafin in dawo kanta.

Inda na kauce hanya

In an ce mini kwamfuta "ba ta tashi", tambayata ita ce a ina take tsayawa. Tashin kwamfuta hawa uku ne. Da farko wuta ta samu ta zauna daram. Sannan BIOS, ƙaramar manhajar da ke jikin madabod, ta ƙirga kayan gida, ta ga furosesa na nan, ram na nan, akwai inda za a nuna hoto. Sai a hawa na uku take neman faifai ta miƙa wa Windows ragama. Fomat maganin hawa na uku ne kawai, shi ma na ƙarshen ƙarshe. Kwamfutar da ko harafi ɗaya ba ta nuna ba, ba ta ma san da Windows a duniya ba tukuna. Ta Alhaji a hawan farko take tuntuɓe.

Hawan farko aikin fawa-fak ne, akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke kusurwa, wanda ke karɓar bolt 230 na bango ya mayar da shi 12 da 5 da 3.3. Babban filoginsa baki 24 gare shi, kuma launin wayoyin magana ne: rawaya 12, ja 5, ruwan lemo 3.3, baƙi shi ne sifilin da ake auna sauran daga kansa. Wayoyi uku ne masu labari. Shunayya tana ɗauke da bolt 5 muddin waya na bango, ko da kwamfuta a kashe take, kuma da ita madabod ke jin an danna maɓalli. Koriya ita madabod ke ja zuwa sifili ya ce wa fawa-fak ya tashi. Mai ruwan toka kuwa ta nan fawa-fak ke amsawa, cikin abin da bai wuce rabin sakan ba, cewa wuta ta daidaita. In amsar nan ba ta zo ba, madabod ba zai saki furosesa ta fara aiki ba.

Na fara da masu arha. Na canza wayar wuta, na jona a soket ɗin da na yarda da shi. Na zare wayar maɓalli na haɗa ƙusoshinta biyu da bakin sukudireba, don maɓalli kan maƙale. Duk kanwar ja ce. Shunayya ta ba ni bolt 5 cif. Sai na raba fawa-fak da komai, na lanƙwasa kilif ɗin takarda na haɗa koriya da baƙa. Fanka ta tashi ta yi ta gudu ba tsayawa. Rawaya 12.1, ja 5.1, ruwan lemo 3.3. Ƙa'idar ATX, wadda ake ƙera irin wannan fawa-fak a kanta, ta yarda da kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa, wato rawaya daga 11.4 zuwa 12.6. Komai cikin ƙa'ida. Na ce wa yarona fawa-fak lafiyarsa ƙalau, mu duba gaba.

Gaskiyar magana, ya kamata in gwada da wani fawa-fak da na san lafiyarsa. Wanda nake ajiyewa don gwaji na sa shi a injin wani kwastoma kafin Sallah ban maye gurbinsa ba, kuma da mita ta ba ni lambobi masu kyau sai na ga ba sai na wahalar da kaina ba. Na koma kan madabod. Na gwada ram ɗaya-ɗaya. Na fitar da madabod ɗin daga akwati na ɗora a kwali, ko wani ƙarfe na taɓa shi ta ƙasa. Na cire furosesa na bi ƙusoshin mazauninta da gilashin ƙara girma, su 1,155, ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Duk wannan da fawa-fak ɗin nan dai nake yi, kuma amsa ɗaya ce: juyi biyu, tsit. Wajen la'asar na fara tsara yadda zan gaya wa Alhaji cewa mutumin farko ya yi gaskiya.

Yaron nan ɗan yayata ne, wata takwas ke nan yana koyon aiki a wurina. Yana riƙe da takardar da na yi rubutu, ya ce, "Kawu, ba ya ce da safe sai ya danna sau uku ba, in ta ɗumama kuma shi ke nan? Ai ka taɓa ce mini kafasita ke yin haka."

Na karɓi takardar na sake karantawa. Da hannuna na rubuta.

Gwajin kilif abu ɗaya yake tabbatarwa, cewa fawa-fak na iya kunnuwa. Bai ce zai iya ɗaukar kaya ba. Kamar ka ga jaki yana sukuwa ba komai a bayansa ka yaba ƙarfinsa ne, alhali ba a aza masa mangala ba. Na mayar da filogi jikin madabod, na cusa tsinken mita ta bayansa inda waya ke shiga, yaron ya haɗa ƙusoshin maɓalli. Rawaya ta yi tsalle zuwa 10 da 'yan kai ta zube. Mai ruwan toka ko motsi ba ta yi ba. Sai na ɗauko na'urar iska mai zafi, na hura wa fawa-fak ɗumi daga nesa ta ramukan bayansa kamar minti biyu, muka sake kunnawa. Fanka ta kama, ta zauna.

Na buɗe shi don yaron ya gani da idonsa, bayan na zare shi daga wuta na tabbatar da mita cewa ya sauke. Ban ba kowa shawarar ya kwaikwaye ni a nan ba, domin manyan kafasitocin ɓangaren shigowar wuta suna iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare waya. A ciki, garin ɓawon albasa da ƙura sun haɗu da laima sun zama kamar bargo, sun toshe ramukan iska, sun naɗe fukafukan fanka. A ɓangaren fitar wuta akwai kafasitoci uku, 'yan gwangwanayen da ke tara wuta su daidaita ta, da ya kamata kawunansu su kasance a shafe kamar kan ƙusa, sun kumbura kamar ƙosai a mai. Ɗaya ta tsage a sama, wani abu ruwan ƙasa ya tsatso ya bushe a jikinta.

Irin wannan kafasita akwai ruwa-ruwa a cikinta, zafi kuma shi ke busar da shi. Ƙa'idar da masu ƙera su ke amfani da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwananta biyu. Wadda ta fara bushewa ta fi rauni in ta yi sanyi, ta ɗan farfaɗo in ta ji ɗumi, shi ya sa safiya ce lokacin gardamarta. Bayan kwana biyar a ɗaki rufe cikin Yuni, watan da ya fi kowanne ruwa a Legas, sai ta kasa gaba ɗaya. Ba ƙonewa ba ce ta dare ɗaya. Watanni ta yi tana ba da sanarwa.

Tunda muna kan fawa-fak, duk mai sayen tokumbo ya leƙa bayansa. Wasu tsofaffi suna da ɗan jan makunni mai rubutun 115 da 230. Waɗanda suka fito daga Amurka a kan 115 suke zuwa, kuma wanda ya jona haka a wutarmu ƙara ɗaya zai ji da hayaƙi. Na Alhaji a kan 230 yake, ba wannan ba ce matsalarsa.

Ana wata ga wata

Fanka ta zauna, amma monita shiru. Ban yarda in yanke wani hukunci a kan wutar majinyaci ba, don haka na tsaya nan. Da dare na bar faifan yana kwafuwa gaba ɗaya zuwa sabon SSD, faifan zamani marar juyawa, mai gig 512. Ya yi tuntuɓe a wuri biyu ya wuce.

Alhamis da sassafe na shiga Otigba, a Computer Village, na zaɓo fawa-fak. Ni da hannu nake fara gwada shi. Wanda ka ɗaga ka ji kamar gwangwanin madara ba komai, ko an rubuta wat nawa a jikinsa, ajiye shi. Na ɗauki tokumbo mai nauyi a kan sabo marar nauyi, na kuma sayo na biyu ya zama na gwaji, don kunyar jiya ta ishe ni.

Da sabon, rawaya ta tsaya a 12, mai ruwan toka ta hau 5, fanka na gudu, hoto babu. Wanda ya haɗa kwamfutar bai sa mata ɗan lasifikar nan da ke jikin madabod ba, wato tun jiya ko tana ƙorafi ba mai jin ta. Na dasa mata ɗaya, na cire ram duka biyun, na kunna. Sai ga kuka, ɗit ɗit ɗit, ba ƙaƙƙautawa. Kukan nan ya fi mini kalangu daɗi. Ma'anar yawan ƙarar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai an duba littafin madabod, amma kukan kansa shaida ne: furosesa ta tashi, ta karanta BIOS, ta nemi ram ta rasa, ta yi ƙorafi. Mataccen madabod ba ya ƙorafi.

Na goge bakin zinaren ram ɗin biyu da robar goge fensir har suka yi ƙyalli. Na sa ɗaya a ramin da ke kusa da furosesa. Ƙara ɗaya gajeriya, rubutu ya bayyana a monita. Na musanya da ɗayan a rami guda, shi ma lafiya. Amma duk wanda na sa a rami na biyu sai kwamfutar ta ɗauke. Da na haska tocila na kara gilashi, can ƙarshen ramin ga tsatsa kore-kore irin ta tagulla, ga kashin kyankyaso a gefe. Na wanke da sinadarin isofurofil da burushin haƙori, na bari ya bushe. Ƙusoshi biyu tsatsa ta riga ta cinye su. A ganina laima ce ta raunana su, cire-mayar da aka yi ta yi cikin kwana biyu, har da nawa, ya ƙarasa su. Ana iya canza ramin, amma aikin ya fi ƙarfin darajar madabod ɗin. Na sa ram guda mai gig 8 a rami mai lafiya, na liƙe ɗayan da baƙin salatif, na bar MemTest86, mai gwajin ram, ya zagaya bai kama kuskure ba.

Rubutun da ya bayyana yana cewa saitin BIOS ya ɓace, kwanan wata ya koma shekarun baya, a danna F1. Ga bayanin agogon da ke ja baya. Batirin CR2032 ne, mai kama da kwabo, sunansa ma awonsa ne, faɗi milimita 20, kauri 3.2. Bolt 3 ya kamata ya bayar, nasa 2.3 na samu. Kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa ba. Na canza, na gyara kwanan wata, na jona SSD ɗin. Tsohon faifan yana cikin durowa, ban yarda a yi gwaji a kansa ba.

Tambarin Windows ya fito, ɗigogi suka fara zagaye. Akawun, wanda ya iso tun ƙarfe goma, har ya miƙe. Sai allo ya koma shuɗi, da rubutu a ƙasa: INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Ta sake tashi, ta sake faɗuwa a wuri guda.

"Oga," ya ce a sanyaye, "ko dai fomat ɗin za a yi? Tunda an kwashe fayil."

Na ce ya ba ni minti ɗaya. Saƙon nan ba ya nufin Windows ta lalace. Yana nufin ta fara tashi sai ta rasa hanyar da za ta ci gaba da magana da faifan da take kai. Madabod na wancan zamanin yana iya magana da faifai ta hanya biyu, tsohuwa IDE da sabuwa AHCI, kuma Windows da wadda aka girka ta a kai take shirin tashi. Cire batirin da aka yi ranar Talata ya mayar da BIOS saitin masana'anta. Na shiga na duba, ga shi a kan IDE. Na mayar AHCI, na danna F10. Kafin a kira azahar hoton Ka'aba da akawun ya sa a fuskar kwamfutar ya bayyana, fayilolinsa jere a inda ya bar su, firinta da komai.

Abin da ke ba ni tsoro da wannan hawa na uku shi ne fomat da ya yi aiki. A ce wani ya canza fawa-fak ya gano ramin ram, sannan ya ci karo da shuɗin allo ya girka sabuwar Windows, kwamfuta za ta tashi garau, a yaba masa, a biya shi. Sai an nemi lissafin watan Mayu ido zai raina fata. Shi ya sa na fi ganin laifin mai maganar fomat, wanda ya rubuta magani bai ga majinyaci ba. Mutumin farko ban zarge shi da ha'inci ba. Alamun sun yi kama da na madabod, cire batir ba laifi ba ne, kuma ni da nake da shago da mita na bi sawunsa har awa uku.

Da yamma na bi su Mile 12 ta Ojota da Ketu, don in ga inda take zama. Ɗan ɗaki ne a jikin rumbun albasa, tagarsa na kallon inda ake sauke buhuna. A ƙasa take, a kan siminti, har shatin ƙafafunta ya fito, kuma a jikin bango ga layin da laima ta ja kusan taƙi ɗaya daga ƙasa. Muka ɗora ta a kan tebur nesa da taga. UPS ɗin lafiyarsa lau, batirinsa mai bolt 12 ne ya ƙare, abin da ke faruwa da su duk bayan 'yan shekaru, zafi kuma na gaggauta shi. Na canza masa, muka zare waya daga bango muka ga ya riƙe. Na ce duk wata uku zan zo in hure ƙura. Na kuma sanar da Alhaji cewa Microsoft za ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma furosesa zubi na uku ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, don haka ya fara tunanin wata kwamfutar ba tare da gaggawa ba.

Na tsara wa akawun cewa duk Juma'a bayan an sauko ya kwafe fayilolin a filash da Google Drive, filash ɗin kuma ya kwana a aljihun Alhaji. Alhaji ya saurara har na gama, sannan ya juya ga akawun.

"Duk na ji. Amma kai, ƙarshen kowane wata ka buga mini a takarda. Abin da zan iya riƙewa a hannuna."

Tsohon faifan na naɗe shi na rubuta kwanan wata a jiki na ba shi ya ajiye. Fawa-fak ɗin yana kan kanta a shago, a buɗe, yarona ke nuna wa duk wanda ya shigo. Ban da kuɗin aiki, Alhaji ya aiko mana da rabin buhun albasa, na ce a kai gidan yayata.

Cikin Satumba na koma hure ƙura. Kwamfutar na tashi da dannawa ɗaya, agogo daidai, salatif na nan a bakin rami na biyu. Na karɓi filash ɗin na duba, kwafin ƙarshe na ranar 4 ga Yuli ne. Akawun ya sosa ƙeya ya ce aiki ne ya yi yawa. Alhaji ya jawo jakarsa ya zaro takardu, na Yuni da Yuli da Agusta, kowane wata da kilif ɗinsa.